Ranar da Aka Buɗe Agogon Baba

Wata Juma'a ce a shekarar 1957, 'yan makonni bayan Ghana ta samu 'yancin kai, tutocin takarda ma ba a gama cire su daga bakin titi ba. Na dawo daga tallan koko na tarar gidanmu na Zangon Kumasi ya yi tsit, abin da bai taɓa yi ba. Gidan haya ne mai ƙabilu iri-iri, Moshi nan, Dagomba can, Kotokoli a lungu, kullum sai ka ɗaga murya saboda dakan fufu da kukan yara. Ran nan an jingine taɓare. Wani dogon baƙo, direban babbar mota, yana zaune kan benci a ƙofar ɗakinmu. Mma, mahaifiyata, tana ciki bayan labule. Ƙaninta Kawu Salifu yana tsaye riƙe da agogon hannu mai baƙar fuska, yana jujjuya shi kamar yana ƙona masa yatsu.

Babana ya yi yaƙin Bama, shi ya sa kowa Soja yake ce masa. Da agogon ya dawo daga yaƙi, sannan ya shiga fataucin goro. Damina biyu ke nan da ya bi lodi zuwa Ikko, shiru, babu saƙo babu tsaraba. Ni kaɗai ce na tsaya wa Mma, sauran duk sun koma tun suna goye, don haka ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi. In na gama ɗebo ruwa a famfo, na wanke ƙoren koko, na dawo daga makarantar allo, 'yan matan gida su kafa wasan ampe suna tsalle suna tafi, ni sai in sulale in tafi inda motocin goro suke sauke kaya. Ina tsayawa ina duba hannun duk namijin da ya diro daga bayan mota. Fuska tana iya canjawa a hanya, a tunanina, amma agogo ba ya canjawa.

Abin da direban ya kawo bai taka kara ba. Ya ce a wani masaukin fatake a Ikko mai gidan ya ba shi agogon, wai na wani mutumin Kumasi ne da zazzaɓi ya kashe, an yi masa sutura. Shi bai ga gawa ba, sunan ma bai riƙe ba. Limamin unguwa ya ce ba a sa mace takaba a kan “an ce”. Ga shi kuma lokacin agogon soja na jabu ya cika gari. Tun da aka dawo daga yaƙi kowane saurayi yake son a ga ya ɗaura, sai wasu suka riƙa sayen mai araha su karce masa alamar kan kibiya a baya, irin wadda take jikin kayan soja. To magana ta tsaya a nan: in agogon na Baba ne, Mma za ta shiga takaba. In ba nasa ba ne, mu ci gaba da jira.

Washegari da hantsi aka haɗa ni da Kawu, don ni kaɗai na san teburin mai gyaran da Baba yake zuwa, can gefen babbar kasuwa. A Zango, a ce kayanka jabu ne zagi ne, mata har dambe suke yi a kan ɗan kunne. Ni kuwa tun daga ƙofar gida nake maimaitawa a zuciyata, “Allah Ka sa jabu ne.” Ina ma da hujjata: maɗaurin Baba na kaki ne, wannan kuwa na fata ne. Na riƙe hujjar nan gam, ina taka ƙafa da ƙarfi, har na gaisa da mai gasa ayaba kamar ranar Sallah.

Papa Kwabena dattijon Asante ne, teburinsa bai fi faɗin tire biyu ba, da akwatin gilashi cike da matattun agogo. Hausar Zango yake yi, mace ma “kai” yake ce mata. Kawu bai gaya masa abin da ya kawo mu ba, cewa kawai ya yi a duba ko na gaske ne. Na yi caraf na ce maɗaurin ba shi ba ne. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Yarinya, in ka canja takalmi, ka zama wani mutum?” Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya wana shi ya kara a kunne, ya lumshe ido. Ya rufe shi da hularsa ya leƙa ta ƙasa, ya ce in leƙa ni ma, sai ga lambobin suna haske kore-kore a cikin duhu. Ya shafa kibiyar da farce ya ce bugawa aka yi da inji, ta jabu kaushi gare ta. Sannan ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya sa 'yar wuƙa ya ɓalle murfin baya. Ciki fes, ƙananan ƙafafu suna juyi, da 'yan jajayen duwatsu kamar ƙwayar gero. Ya buga tebur don murna ya ce da Kawu, “Massa, ka yi sa'a! Wannan na gaske ne, kar ka sayar wa kowa.”

Kawu ya sunkuyar da kai. Ni ban saki ba, na ce ai sojoji da yawa suna da irinsa. Ya ce gaskiya ne, amma in dakata. Ya juya cikin murfin ya nuna wa rana. Ashe masu gyaran agogo suna da al'ada: duk wanda ya yi aiki sai ya karce 'yar alamarsa da tsinin allura a cikin murfi, inda mai agogon ma ba ya gani, don kar gobe a kawo masa ɓarnar wani a ce tasa ce. Tasa alamar ɗan kifi ne. Ga kifi biyu nan kwance gefe da gefe. Ya ce, “A'a, wannan hannuna ne. Na Soja ne mai goro, wanda yake zuwa da ƙaramar 'yarsa, ina ba shi alewa…” Sai ya cire gilashin ya dube ni da ido biyu. Ya mayar da murfin a hankali, ya goge fuskar agogon da gefen zanensa, yana cewa “Due, due,” gaisuwar mutuwarsu ta Asante. Ya ɗaura mini a hannu, agogon ya zame har gwiwar hannu.

Muka shiga gida. Mma ta dubi Kawu, ta dubi hannuna, ta kai yatsu ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tabarma. Liman ya haɗa maganar mai gyara da shaidar direba, aka yi addu'a, aka raba waina. Wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa waje ba, ni ce cefane, ni ce famfo. Tashar goro kuwa ban ƙara zuwa ba, kuma wannan ne ya fi mini ciwo, don da yamma sai in rasa inda zan sa kaina.

Yanzu labarin mutuwa ta waya yake shigowa, da hoto da komai, tun ba a yi wa mamaci wanka ba. Ba a jira, ba a kokwanto, ba a aiken kowa ko'ina. Na san hakan ya fi sauƙi. Amma ni an ba ni tafiyar nan daga Zango zuwa kasuwa, kuma duk tsawonta ina da uba.