Yadda Na Mai da Aron Gona Ciniki

Ba zan faɗi sunana ba, saboda mahaifiyata tana da rai, kuma abin da na ja mata ya isa. Haifaffen Kazaure ne ni. Kafin abin da zan ba ku labari ya faru, ba wanda ya taɓa kama ni da ko allura. Na yi karatun kwamfuta, na buɗe ɗan shago kusa da tasha ina buga wa mutane takardu: ta neman aiki, katin ɗaurin aure, hoton fasfo. Ina samun na cefane, ina da mata da 'ya ɗaya. In waya ta rikice wa wani dattijo a unguwarmu, ni ake aikowa a kira.

Ina da kawu a Roni, yayan mahaifiyata. Ya yi shekaru yana magatakardan kotu, kuma ko da ya ajiye aiki mutane ba su bar shi ya huta ba. Duk mai son rubuta cinikin gona, ko aro, ko rabon gado, zaurensa yake zuwa. Har daga ƙauyukan Gwiwa da Babura ake hawo babur a zo. Da hannunsa yake rubutawa, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ba masu ita, ya ajiye tasa a wata tsohuwar adaka. In gardama ta tashi, sai ka ji an ce a je a ji daga bakin Malam. Abin da ya faɗa, shi ke nan.

Wata damina gara ta shiga adakar ta yi ɓarna. Kawu ya damu ƙwarai. Sai babban ɗansa, Yaya Habibu, wanda ke aiki a Kano, ya aiko masa da kwamfuta da 'yar na'urar waifai mai ɗaukar layi, ya bugo mini waya ya ce in je in haɗa. Na je ranar wata Asabar. Na buɗe folda a kwamfutar na sa mata suna Takardu, na saita ta yadda duk wayar da ke kan waifan gidan za ta iya shiga, ba sai an jona kebul ba. Na koya wa Kawu: ya ɗauki hoton takarda da wayarsa, ya danna nan, ya danna can, sai ga ta a kwamfuta. Da ya ga ta farko ta bayyana a babban allon, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce. "Yanzu ba igiya ba komai ta tsallako?"

Na ce, "Ta iska ta zo, Kawu."

Ya dafa kaina ya sa mini albarka. Mun yi makonni muna ɗaukar hotunan takardun da suka tsira. Waɗanda gara ta riga ta cinye gefensu, bayan an ɗauka, ya sa aka ƙone. A lokacin gwaji na haɗa tawa wayar, na kuma ba ta izinin dubawa da na canzawa. Da aiki ya ƙare ya kamata in cire ta. Ban cire ba. Ba da wata mugunta na bar ta ba, na ce wa kaina wata rana za a buƙace ni gyara.

Da farko leƙe kawai nake yi. In na je gaida Kawu, ina zaune a zaure ina jiran a kawo mini fura, sai in buɗe in karanta. Na san wanda ya sayar da gonar ubansa a ɓoye, na san wanda aka ba kaso kaɗan a gado. Sai na ji ni wani ne. Daga baya wani abokina ya ce takardar filinsu ta ɓata, na ciro masa kwafi ba tare da na sanar da Kawu ba, ya ba ni na kati. Ban ga laifi a ciki ba, tunda takardarsu ce.

Shi abokin ne ya kai labari ga Ɗanjuma, wani dillalin gonaki da ke yawo tsakanin Kazaure da Babura. Ya same ni a shago da hantsi, ya zauna yana fara'a kamar mun saba. Ya ce akwai wani mutum da ya ari gonar fadama a hannun wani dattijo, Malam Isyaku, daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Aron na shekara uku ne, saboda dattijon ba shi da lafiya. Wanda ya ara ya yi rijiya a ciki, ya dasa mangwaro, yanzu kuma wa'adi ya kusa.

"Shi tsohon ɗakinsa ya faɗi da damina, takardarsa ta jiƙe ta lalace," in ji Ɗanjuma. "Wadda ta rage ita ce ta wajen kawunka. Kalma biyu ce kawai. Inda aka ce na ara, a ce na sayar."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ba komai, ya tafi ya bar mini leda da yadi biyar na shadda, wai na sallah. Ban mayar masa ba. Bayan kwana huɗu ya dawo, na ce zan duba.

Aikin bai ɗauke ni awa biyu ba. Ainihin takardar aron tana cikin waɗanda aka ƙone, hotonta kawai ya rage. Na nemo wata takardar ciniki da Kawu ya rubuta, na yanko "na sayar" da rubutun hannunsa, na liƙa a kan "na ara". Na goge layin da ya ambaci shekara uku. Ranar Juma'a na tafi Roni. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna da Kawu a tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Yana ba ni labarin ciwon gwiwarsa, ni kuwa hannuna na hagu yana kan waya. A nan na goge takardar gaskiya daga kwamfutarsa na saka ta ƙarya. Kwamfutar tana cikin ɗaki, ban ko taɓa ta ba. Ya tura mini tsokar nama gabana ya ce in ci, na rame.

Magana ta je kotu, aka kira Kawu shaida. Ni na goya shi a babur. Kafin mu fita ya sa na buɗe masa takardar a kwamfuta, ya daɗe yana kallo.

"Ni dai a zuciyata aro na riƙe," ya ce a hankali. "Amma ga rubutuna. Ka gani, ɗan nan, tsufa ya fara taɓa ni."

Na rufe kwamfutar, na fita na tayar da babur.

A gaban alƙali ya ce rubutunsa ne, hatiminsa ne, kuma abin da ke ajiye a wajensa ke nan. Malam Isyaku ya miƙe da ƙyar, yana dogara sanda. Siriri ne, rigarsa ta koɗe. Bai kalli wanda ya ƙwace masa gona ba, Kawu ya kalla.

"Malam, a zaurenka na ce aro. Har ka tambaye ni sau biyu. Malam, ka tuna mana."

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Isyaku, ba ni da abin da zan faɗa sai abin da na rubuta."

Aka ba wancan gona. Na goya Kawu muka koma gida. Tun daga ranar ya daina yarda da kansa. In an tambaye shi abu, sai ya ce a bari a duba kwamfuta, ita ba ta mantuwa.

Na yi niyyar tsayawa a nan, Allah ya sani. Amma tun kafin shari'ar na riga na yi wautar da ta fi ta farko. Ɗanjuma ya raka ni Roni sau ɗaya, ya ce zai kira wani ba shi da data, na sa masa lambar sirrin waifan, na kuma nuna masa foldar don in burge shi. Ashe tun daga lokacin yakan zo ya tsayar da babur a bayan katangar Kawu, gindin wata darbejiya, kamar mai hutawa, ya kwashi abin da yake so. Da na gane, na canza lambar. Sai ya zo shago yana dariya ya nuna mini wayarsa. Duk takardun suna ciki, har da wadda na gyara, har da saƙonnin da na tura masa.

"Ka buɗe ƙofa, ko in kai wannan wajen kawunka da kaina."

Na buɗe. Na gyara masa wasu guda huɗu. Wata na matsar da iyaka daga tsamiya zuwa kwari, wata na cire sunan mace daga cikin magada. Daga baya ma ya daina nemana, ya samu wani a wani gari mai yi masa. Ina gani ana kiran Kawu shaida yau nan gobe can, ba ni da bakin magana. Abinci ya daina shiga. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake ɓoyewa, na ce zazzaɓi ne. Sau biyu ina tafiya Roni da niyyar in faɗi gaskiya, sau biyu ina gaishe shi in dawo.

Yaya Habibu ne ya gano. Ya zo hutu, ya ga yadda mahaifinsa ya lalace, ya zauna ya bincika kwamfutar. Ya ga takardar da aka rubuta shekarun baya, amma kwamfuta ta nuna kwanan nan aka canza ta. Ya duba jerin wayoyin da suka taɓa hawa waifan, ya ga tawa, ya ga wata baƙuwa. Sannan ya ɗauko wayar Kawu. Hoton farko na takardar Malam Isyaku yana nan a cikinta, ban taɓa tunawa da shi ba. Aka aiko in zo. Na tarar da su a zaure, waya a gefe, kwamfuta a gefe, kowacce da tata takardar.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe ban manta ba." Ya sake cewa, "Ashe ban manta ba." Sai ya dube ni. "Ka bar ni na ƙaryata bawan Allah a gaban alƙali, kana tsaye a bayana?"

Na durƙusa a gabansa. Da la'asar 'yan sanda suka tafi da ni. Ɗanjuma ya ji labari ya tsallaka iyaka ta wajen Babura, har yau ban ji an kama shi ba. Na amsa laifina, aka ɗaure ni shekara uku.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai ƙwarƙwata, akwai yunwa, amma ba su suka fi ci mini rai ba. Labaran da ke iso ni su ne azabar. Malam Isyaku ya rasu kafin a sake duba shari'arsa, kuma kafin nan an riga an sayar da gonar hannu biyu, 'ya'yansa suna ta zirga-zirgar kotu. Sannan duk takardar da Kawu ya taɓa rubutawa ta zama abin zargi. Mai gaskiya ya fito da tasa, abokin gardama ya ce ai ta gidan Malam ce, wa ya sani ko an taɓa ta. Rigingimun da aka kashe tun ina yaro suka tashi. Kawu ya rufe zaure. A shekarata ta biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Ina zaune a bayan ƙofar ƙarfe, na san kowace kalma da na canza, amma ba ni da ikon mayar da ko harafi ɗaya.

Da aka sake ni, mahaifiyata ce ta kai ni wajensa, ita a gaba ni a baya. Yana kwance, magana ba ta fita sosai. Na roƙe shi gafara. Ya daɗe kafin ya haɗa kalmomin. Ya ce nasa ya yafe, amma na Isyaku ba a hannunsa yake ba. Na je ƙauyen. Babban ɗan marigayin ya saurare ni a tsaye, ya ce, "Mun ji. Allah yana nan." Ya shige gida.

Yanzu ba na taɓa kwamfutar kowa. Buhu nake ɗauka a kasuwannin mako, ina tuba ga Allah kullum. Kwanaki a kasuwar Gwiwa wata tsohuwa ta tare ni, an nuna mata ni. Ta kwance bakin zane ta fito da takarda a leda, kwafin rabon gadon mijinta. 'Yan'uwansa sun ce jabu ce, suna so su raba ta da gonar da take ci da jikokinta.

"Ɗana, an ce kai ka san su. Don Allah duba mini. Ta gaskiya ce ko irin taku ce?"

Na karɓa na duba gaba da baya. Rubutun Kawu ne, hatiminsa ne. Ba ta cikin biyar ɗin da na taɓa. Amma ban san adadin da Ɗanjuma ya sa aka gyara bayan ya bar ni ba. Na ce, "Iya, wallahi ban sani ba." Ta ce to wa zai sani? Ta naɗe takardarta ta ƙulle, ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Ku matasa da Allah ya ba ku sanin waya da kwamfuta, da ku nake. Iyayenmu suna miƙo muku wayoyinsu ba tare da sun san abin da suka miƙa ba. In an sa ka haɗa wa dattijo na'ura, kana gamawa ka cire wayarka a gabansa, ka sa ya canza lambar sirri da hannunsa, ko da bai nema ba. Kada ka buɗe abin da ba a ce ka buɗe ba, don ni da leƙe na fara. In wani ya ce maka kalma biyu ce kawai, ka tashi ka bar masa wurin, ka mayar masa da kyautarsa. In kuwa ka riga ka faɗa, ka je ka faɗi gaskiya yau, tun wanda ka zalunta yana da rai da zai ji ka. Ni na jira, kuma mutumin da ya kamata in durƙusa a gabansa yana kabari.