Ƙwayar Masara da Harshen Babana

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da wata likita, wadda ko shekaruna ba ta kai ba, ta kayar da babana a magana ba. Mutumin da duk layin 'yan hatsi na Babbar Kasuwa an san shi da kafiya.

Gwani ne, ba yabon kai ba. In an sauke buhu sai ya soka ƙarfe ya zaro 'yan ƙwayoyi, ya ciji ɗaya, ya ce, "Wannan masarar da sauran danshi, ba ta kai damina." Kuma haka za a yi.

To, sai gyambo ya fito masa a gefen harshe, wata huɗu ya ƙi warkewa. Shi dai ya dage goro ne. Da ƙyar da jiɓin goshi na kai shi asibiti, aka yanki 'yar tsoka aka aika gwaji. Sakamako ya dawo, ciwon daji.

Likitar ta ce an kuma auna wasu sinadarai da ake kira furotin a cikin tsokar. Yawansu kan nuna ko ciwon mai saurin yaɗuwa ne, da yadda masu irinsa suke daɗewa a raye. Baba na jin haka ya miƙe.

"Wannan ai duba ne irin na bokaye. Kwanana na hannun Allah. Kai, tashi mu tafi."

Na san in ya fita ƙofar nan ba mai sake dawo da shi.

Ita ko ba ta ɗaga murya ba. "Baba, an ce hatsi kake saidawa. In ka ciji masara ka ce ba ta kai damina, gaibu ka sani?"

"Wane gaibu? Alama ce."

"Sai ka zubar da ita?"

"Wa ke zubar da abinci? Shanya ta ake."

"To ni ma alama na gani, shanyar nike so ka bari mu yi."

Ya koma ya zauna. Ta juyo mana da kwamfuta, ta nuna hoton tsokar da na'ura ta ƙara wa girma. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya cika allo, ɗakuna-ɗakuna jere, wasu sun rine sun yi ruwan ƙasa. Ta ce masu rinin su ne alamar, kuma nasa sun yi yawa. Baba ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan a bakina? Subhanallah. Shekara arba'in ina cizon hatsin mutane, ban san abin da ke cikin nawa buhun ba."

Ya yarda aka yi aiki, aka yanke gefen harshen, sannan aka bi da gashi na na'ura don ƙone sauran ciwon. Ya sha wuya ƙwarai.

Yau shekara shida. Maganarsa ta yi nauyi, bakin ba ya iya cizon hatsi. Ni nake cizon, shi yana kallon fuskata, in na yi kuskure ya harare ni.

Abin da na koya shi ne, kwana na hannun Allah, amma alamar ma shi ya ajiye ta. Da mun kau da kai ran nan da sunan tawakkali, da yau ba mai hararata a rumfa.