Taragon Riɗi

A Makka aka haife ni, a wani lungu na Misfala, kuma har na yi wayo ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, don a shekarun sittin babu shi a garin. Amma da za ka tare ni ina 'yar shekara takwas ka tambaye ni yadda ake jera taragun jirgin kaya, da na zayyana maka kamar 'yar direba. Duk a bakin kakata na koya, Hajja Yalwa, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Sitti irin na yaran Makka, ita kuma tana mita wai mun mayar da ita Balarabiyar dole.

Sana'arta sayar da gyaɗa a bakin hanyar Harami. Kullum bayan magariba takan hau saman soro ta hura gawayi, ta ɗora kasko da yashi tana suyar ta gobe. Nan muke kewaye ta, ni da yayana Hamza da yaran maƙwabta, rabi don labari, rabi don gyaɗar da ta ƙone, wadda ba ta sayuwa. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga ta nan tafe da hayaƙi." Mu kuma mu amsa, "Ta tsaya mu hau!"

A wata shekara bayan aikin Hajji, da alhazai suka watse suka bar gari cike da gwangwanaye, Hamza ya ƙudura sai ya ƙera jirgin da Sitti take ba mu labari. Gwangwanin madara ya zama kan jirgi, na kifi suka zama taragun buhuna, na tumatir ya kwanta a gicciye ya zama tankin kananzir. Ni ce mai tsinto marafan kwalba, shi yana huda su da ƙusa yana yin ƙafafu. Har tsumma ya cusa a kan jirgin ya sa masa garwashi don ya yi hayaƙi. Da ya gama sai ya ɗaure taragun gaba ɗaya da waya, ya murɗe tamau, ya jawo abinsa gaban Sitti yana hura hanci.

Ta duba, ta juya shi da bakin ludayi, ta taɓe baki.

"Angona, wannan ai jerin gwano ka yi. Ina taragon gadi a ƙarshe? Kuma wa ya ce maka ana ɗaure jirgin kaya a murɗe? Ƙugiya ake sa masa, don a hanya ake yanka shi."

"Esh? Me? A yanka jirgi, ya Sitti?" in ji Hamza.

"Tambayi ubanka, shi aka yanka da shi. Ku matso."

Babanmu kuwa ƙato ne mai gemu, cikin masu ɗaukar tsofaffin alhazai a gadon katako suna yi musu ɗawafi. In ya yi gyaran murya a ƙofar gida, ko kyanwa sai ta nutsu. Jin an ce an yanka jirgi da shi, ba wanda ya ƙara taɓa gyaɗa.

Ta ce daga ƙasar Daura suka taso a ƙafa, ita da kakanmu Malam Ilu, suna tafe suna tsayawa ƙwadago, har aka haifi Baba a hanya. Sai da ya fara gudu da ƙafarsa suka isa Ubayyid ta Sudan, inda layin dogo ya fara. Kurkunu ya kama Malam a ƙafa, ba ya iya takawa, don haka suka yi ta roƙon gadin wani jirgin kaya har ya bar su su hau kan buhuna. Taragon da suka samu na ƙaro ne, buɗaɗɗe, ba inuwa, buhunan kuma kamar ka zauna a kan tsakuwa. Gabansu taragun fatu masu wari, na bayansu kuma na riɗi ne, an lulluɓe shi da tamfol.

A tsammaninta jirgi ayari ne: inda kai ya nufa, nan kowa zai sauka. Ba wanda ya gaya mata cewa kowane tarago da garinsa, ana tafe ana sauke wani ana ɗaukar wani.

Da rana ta take suka tsaya a wata babbar tasha mai layuka da yawa. Yaro ya galabaita da zafi, sai ta ɗauke shi ta tsallaka zuwa taragon riɗi, ta kwantar da shi a ƙarƙashin tamfol inda ke da laushi da sanyi. Ta ɗauki butar Malam ta tafi wajen famfon da ake shayar da kan jirgi. Tana cikin tara ruwa ta ji ƙarau-ƙarau-ƙarau, ƙarfe yana bugun ƙarfe tun daga kai har wutsiya, jirgi ya ja.

"Na yar da buta na bi shi," in ji ta. "Ina gudu ina salati ina cewa tsaya don Annabi! Sai kuwa ya tsaya. Na ce Alhamdulillahi, ashe yana jin Hausa. Ban rufe baki ba sai ga shi ya taso mini da baya. Na ce na shiga uku, ya ji haushi! Na kwasa a guje na koma inda na fito, ma'aikata suna ta dariya har da riƙe ciki."

Tun daga ranar, duk sanda ta zo nan sai mun faɗi muna birgima, Hamza yana kwaikwayon gudunta. Daga baya ta gane aikinsu ne na yau da kullum, gaba da baya ana rarraba taragu a kan layuka. Amma a ranar, da jirgin ya natsa ta hau wurin Malam tana haki, ta waiga don ta ɗauko ɗanta, sai suka haɗa ido da saniya. Taragon shanu ne a bayansu. Na riɗi babu shi.

Muryarta takan sauka in ta zo nan. Ta ce ta miƙe a kan buhuna ta hanga, ga taragu masu tamfol birjik a layukan gefe, duk iri ɗaya. Ga gadi ya busa usur ya ɗaga koren ƙyalle. Ga mijinta da ƙafa a kumbure, ba mai ba shi ko ruwa in ta sauka. Ba ta jin Larabci, balle ta yi wa wani bayani, kuma ba ta san sunan garin ba.

"Na dubi Malam, ya dube ni. Na ce, Malam, kai kana da baki, ka iya tambaya. Yaron nan ko sunan ubansa bai iya faɗa ba. Ya ce, sauka, Yalwa, ina jiranku a bakin teku. Ya jefo mini ƙullin gari, na diro jirgi yana tafiya."

Ta bi taragun nan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga tamfol tana kiran sunansa, shiru, don babanmu tun yana yaro in ya yi barci ko tsawa ba ta tashinsa. Ta ce har ƙafafunta suka ƙone da zafin ƙarfe, har ta zauna ta fara kuka. Can sai ta lura da tantabaru sun yi dandazo a ƙarƙashin wani tarago shi kaɗai a bayan sito, suna tsattsagar wani abu da ke zubowa. Ta ruga ta ɗaga tamfol. Ga gogan naka ya huda buhu da yatsa, ya ci riɗi ya ƙoshi, ya koma barci, baki da hanci duk riɗi.

Sai da ta yi kakar auduga guda tana tsinka a gonakin mutane kafin ta samu hanyar Sawakin, garin bakin teku. Ta tarar da Malam ya warke, yana ɗinkin hula a bakin tashar jiragen ruwa, jirage sun tashi da abokan tafiyarsa ya ƙi shiga. Wai da ya gan su ya ɗaga yaron ya rungume, hawaye na zuba a gemunsa, sannan ya dube ta ya ce, "To, ina butata?"

Daidai nan a ranar Baba ya hawo soro da sallama. Muka dube shi, muka dubi juna, dariya ta ƙwace mana. Ya gane. Ya ce, "Haba Inna, kin sake? Halas mana, ya isa haka, yaran nan za su raina ni." Ta ce, "Yo ƙarya na yi? Ƙurunƙus kan gwangwani, ku tashi an kusa kiran isha." Washegari Hamza ya warware wayarsa ya lanƙwasa ƙugiyoyi, ya ƙara taragon gadi da akwatin ashana. Muka shekara muna yanka jirgi a lungu, kuma kullum sai an yi faɗa a kan wanda zai zama saniya.

Ina yarinya, gudun Sitti da jirgi ne labarin a wurina. Dirowar ban ɗauke ta komai ba, sai da na girma na yi aure a unguwar Nakkasa nan Makka na haifi ɗana Nasiru. Yana saurayi aka kama shi a wurin aiki ba takardar zama, aka sa shi a jirgin sama zuwa Kano, garin da bai san kowa ba, da Hausarsa da ba ta wuce ta gaisuwa ba. 'Yan'uwa suka ce in yi haƙuri, namiji ne, zai saba. Na san in na fita da wuya in sake shigowa, don ni ma takardata ba ta da ƙarfi. Ga mijina, ga kabarin iyayena, ga Harami da nake gani daga ƙofar ɗakina. Na kwana biyu ina juyi, sannan na gane abin da tsohuwar nan ta ji a kan buhunan ƙaro, na tausaya mata, na kuma ji kunyar dariyar da na sha. Maigidana da kansa ya ɗaure mini jaka.

A harabar wani masallaci a Fagge na same shi, ya rame, yana zaune da ledar kayansa a cinya. Da ya gan ni ya miƙe, ya yi mini magana da Larabci.

"Ummi! Kin bar Makka? Kin san ba za su bar ki ki koma ba?"

"Na sani," na ce. "Ka ci abinci?"

Bai ci ba tun jiya. Na kama hannunsa muka tsallaka titi wurin wata mai tuwo. Har yau ban sake ganin Makka ba, ina kewarta kullum, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.