Lahadin Mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, Kano tana ta kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yis, ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati. Ni da mahaifiyata muke zaune a gidan da mahaifina ya bar mana a Fagge. An yi mana ƙarin albashi, ban yi shawara da kowa ba na sayi wata 'yar mota mai siffar kunkuru. Daga ranar damuwata a duniya ta zama ɗaya: lungunmu ba ya shigar mota. Sai in ajiye ta can bakin titi, in tako gida ina waiwayenta.

Ana haka sai labari ya zo cewa wani Alhaji, ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya sayi kangon da ke bayan gidanmu, zai tayar da bene hawa biyar, ƙasa shaguna, sama ofisoshi da ɗakunan haya. Sau uku ana zama a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, kuma duk zaman a kan motoci aka yi shi. Wasu suka ce za su toshe hanyar masallaci. Masu turin kura suka ce ina za su bi da dilar atamfa. Wani dattijo ya tambaya, in an yi rasuwa ta ina za a fita da makara. Alhajin ya ce zai bar fili a gaba, ya shafe shi da siminti, duk mai mota a unguwa ya ajiye. Mu biyu ne masu mota a unguwar, ta ɗayan kuma ta shekara ba ta tashi ba.

Ai kuwa na miƙe na yi jawabi. Na yi maganar ci gaba, na yi maganar biranen da ban taɓa zuwa ba, har da nuna sama da hannu. A raina ina ganin Fagge ta koma fitilu hawa-hawa, ni kuma ina fitowa daga mota a gindinsu. Aka watse an amince. Duk cikar tabarmin nan ba wanda ya ambaci taga, don ba mace ko ɗaya a wurin.

A unguwarmu akwai wata al'ada. In namiji zai hau soro ko katanga don gyara, sai a bi maƙwabta gida-gida a ce, "A kintsa, za a hau." Mata su shige ɗaki har a sauko, tunda tsakar gida tasu ce, a nan suke sakewa. Abu ne na rabin awa, in ya yi tsawo awa ɗaya.

Shugaban maginan abokina ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari. Iyayensa sun koma gabas lokacin yaƙin basasa, da aka gama shi ya dawo, ya ce ruwan Kano kawai cikinsa ya sani. Ya san al'adar nan sarai. Da ginin ya wuce hawa na farko, kullum da safe shi da kansa yake tsayawa a zaurenmu ya yi sallama.

"Inna, za a hau."

"To, Allah ya tsare," in ji ta daga ciki.

Ni har daɗi nake ji, ina cewa ga mutum mai ladabi. Sai in sa hula in tafi ofis. Ban taɓa tsayawa na lissafa cewa waɗanda suka hau da hantsi sai dab da magariba suke saukowa ba.

Wata Lahadi ce ta buɗe mini ido. Ina kwance da safe, ƙararrawar coci ta taso daga Sabon Gari, sai na ji motsi a tsakar gida. Na leƙo na tarar mahaifiyata ta fito da komai: tabarmar shanya, kuɓewa da barkono, turmi, wanki, har katifarta. Ta ja murhu daga bakin ƙofar ɗakinta ta mayar da shi inda yake a da. Sai a lokacin na lura saman ƙofar ya yi baƙi da hayaƙi, na kuma tuna tarin da take yi kwanakin nan.

Na ce, "Inna, yau kuma wane aiki ne haka?"

Ta ce, "Yau mutanen abokinka suna coci. Da na ji ƙararrawa nake fitowa."

Matar malami guda, wadda ba ta taɓa taka Sabon Gari ba, ta fi kowa a Fagge jiran ƙararrawar Lahadi. Kunya ta kama ni. Na ce ta ƙara haƙuri, sun kusa gamawa.

Ta ci gaba da baza barkononta, ba ta ko ɗago ba. "In sun gama, su masu zama a ciki ƙarfe nawa za su riƙa saukowa?"



Bayan mako biyu ta ce tana son ta hau ta ga abin da za su riƙa gani. Abokina ya zo da makulli bayan an tashi daga coci, yana sanye da fararen kayansa. Muka sa ta a tsakiya, tana hawa tana hutawa a kowane hawa, tana salati a hankali. Siminti bai gama bushewa ba, wurin yana da sanyi da ƙanshin ƙasa.

Har yau in na rufe ido ina ganin abin da muka gani ta tagar farko a hawa na biyar. Dala da Goron Dutse sun matso kusa. Jirgin ƙasa yana jan jiki can nesa, hayaƙinsa ya kwanta a iska, ba ka jin ƙararsa. Shirwa tana shawagi daidai fuskarmu, ba ta ko kaɗa fiffike. Rufin kwanon Sabon Gari yana ƙyalli, sorayen cikin birni kuma jajaye, shiru kamar masu barci. Mahaifiyata ta daɗe tsaye, iska tana wasa da mayafinta. Ta nuna wani gefe ta ce nan ne unguwar da aka haife ta, ga rimin da suke tsintar auduga a gindinsa. Ban ga rimin ba, amma na ce na gani.

"Ashe garin yana da kyau haka," ta ce.

Daga nan muka zagaya tagar da ke kallon unguwarmu. Ta leƙa ƙasa, sai ta ja da baya da sauri.

"Wa ya faɗa musu za a hau?"

Ni da abokina muka kalli juna. Ya ce, "Inna, na ga yau ba aiki, shi ya sa…" Bai ƙarasa ba.

Ni kam na riga na leƙa. Duk tsakar gidajen unguwar a buɗe suke a ƙarƙashinmu kamar fayafayi, kuma kowanne cike da mata. Ashe ba mahaifiyata kaɗai ke jiran ƙararrawar ba. Wata ana yi mata kitso, wata tana wanki da ɗaurin ƙirji, wata tsohuwa ta miƙe ƙafa tana shan rana. Ranarsu ɗaya a mako, ita ma mun hau musu.

"Ku juya," in ji mahaifiyata. Muka juya muka fuskanci bango, manyan mutane biyu. Ita kuma ta sa kai ta taga, ta ɗaga muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba: "Ku kintsa, an hau!"

Muna jin ƙarar kwanuka da gudu. Abokina ya sunkuyar da kai har muka sauka.

Washegari shi ya ja ni wurin Alhajin. Na zaci za a yi rigima, amma sai mutumin ya ce, "Ni ma ina da uwa a gida. Me ya hana ku faɗa a wajen taron?" Abokina ya toshe duk tagogin ɓangaren da wani irin bulo mai karkataccen huji, iska ta shiga amma ido ba ya sauka ƙasa, ya kuma ɗaga katangar saman rufin ta wuce tsayin mutum. Filin motoci ma aka yi shi, na kuma ajiye tawa a ciki shekara da shekaru, ba zan ɓoye muku ba.

Mahaifiyata ta dawo tsakar gidanta, tarin ya tafi. Na rantse mata ba mai ganinta, abokina ya zo ya ƙara rantsewa, ta ce ta yarda. Amma ta riga ta ga gidan daga sama. Ko tsintsiya za ta ɗauko sai ta yafa mayafi.

Yanzu benen ya tsufa, dogaye sun kewaye shi, ba mai ɗaga kai ya kalle shi. Ni dai tun daga lokacin, in na zauna a taro aka ce kowa ya amince, sai in duba tabarmar in ga wa babu. Abin yana yi mini ciwo har yau, ba kaɗan ba. Shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta ƙara a gidan nan, kuma har ta rasu ban sake ganin furfurarta a rana ba.