Askar Don Nicanor da Gurbi Guda a Banki

Cikin masu zuwa aski shagon Don Nicanor a unguwar Belén ta Medellín, ba kowa ya lura da wannan ba: muddin aska na buɗe a hannunsa, ba ya zancen kansa. Zai yi maka hirar ƙwallo, ya yi ta siyasa, har gulmar maƙwabta. Amma in maganar ta shafi wata buƙatarsa, sai ya goge askar a tawul, ya naɗe ta, ya ajiye gaban madubi tukuna. A wurinsa, roƙon mutum da ƙarfe a maƙogwaronsa fashi ne.

Tsohon gajere ne, mai sanƙo, abin da abokan cinikinsa ba sa gajiya da tsokanarsa a kai. A gidan da ke bayan shagon yake zaune da 'yarsa Amparo da jikarsa Maritza, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun tattalin arziki.

A shekarar nan wani bankin zuba jari zai ɗauki ɗalibai uku koyon aiki, kuma wanda ya shiga da wuya ya fito bai samu kujera ba. Kowa ya san gurbi biyu na 'ya'yan manya ne. Saura ɗaya. Maritza ta nema, haka ma ƙawarta Leidy, wadda uwarta ke sayar da mangwaro a kasuwa. Tun suna 'yan firamare Leidy take karatu a teburin gidan, tana cin wainar masarar arepa da Don Nicanor ke gasa musu.

Shi kuwa ɗaya daga cikin manyan bankin, Dakta Arbeláez, haifaffen Belén ne, kuma har gobe nan yake zuwa aski ranar Asabar.

"Baba, kalma ɗaya ce fa," in ji Amparo wajen karin kumallo. "Shekara da shekaru kana shafa kan mutumin nan kamar na kyanwa. Kowa da hanya yake shiga, mu ne za mu tsaya kunya?"

"Kaka, kar ka ce masa komai," in ji Maritza, idonta a kofin gahawa. "In na shiga da alfarma, da wane ido zan kalli Leidy?"

"To, uwar masu gaskiya," in ji uwarta. "Sai ki dafa gaskiyar mu ci."

Ran Asabar Don Nicanor ya yi askin shiru, har Dakta ya tambaye shi ko ƙungiyarsa ta ƙwallo ce ta sake shan kashi. Sai da ya gama, ya goge askar, ya naɗe.

"Dakta, ina da magana."

"Ai na ga ka ajiye makami, tsoho. Faɗi."

"Yara biyu gare ni da suka nemi gurbin nan naku."

"Biyu? Jika ɗaya na sani. Ko akwai abin da ka ɓoye wa marigayiya matarka?"

"Ɗaya jinina ce, ɗaya a teburina ta girma."

Dakta ya daina dariya. "Gurbi ɗaya ya rage, ka sani. Ba ni sunan jikarka, magana ta ƙare."

Don Nicanor ya daɗe yana kakkaɓe tawul ɗin da ba komai a jikinsa. Yana son jikar nan tasa fiye da idonsa, kuma ya san irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu.

"A kira su duka biyun a gwada su," ya ce. "Wadda ta fi, a ɗauka. Alfarmar ke nan."

Aka kira su. Leidy aka ɗauka.

Ranar da labarin ya zo, Amparo ta ajiye wa mahaifinta abinci ba ta ce ci kanka ba. Maritza ta rungume ƙawarta a ƙofar gida, ta yi mata murna ta gaske, sannan ta shige ɗaki ta yi kuka na gaske. Da la'asar ta fito da jajayen idanu, ta zauna a kujerar aski da babu kowa a kai.

"Ni na ce kar ka roƙa mini, Kaka."

"Ke kika ce."

"Amma da ka roƙa, da ban ƙi ba."

"Na sani, 'yar nan. Ni ma da ƙyar na riƙe bakina."

Ta yi 'yar dariya tana jan hanci. Ya dube ta ta madubi, ya ga gashin goshinta ya sauko har yana shiga ido, ga shi jibi tana da wata ganawar neman aiki a wani ƙaramin kamfanin inshora, inda ba wanda ya san kakanta. Ya yafa mata farin ƙyalle a wuya, ya ɗauko almakashi, ya ce ta ɗaga haɓa.