Ni Na Sa Aka Sayo Masa Marar Igiya

A lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce mai shekara sittin da 'yan kai, a cikin birnin Zariya, wani lungu da ke kusa da Ƙofar Jatau. Sana'ata matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, mata suna shigowa har tsakar gida suna saye. Maigidana kuwa ɗinkin hannu yake yi a kan manyan riguna, tun yana saurayi allura ce abincinsa. Mun haura shekara arba'in tare. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ƙanwata ce, wadda ta yi koyarwa har ta ajiye aiki, take zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙe ta kada ta gyara maganar don ta rufa mini asiri. Halin da nake da shi a wancan lokacin shi ne tsoron bakin mutane. Duk abin da zan yi, sai na fara tunanin me za a ce.

Wata safiya Malam, haka nake kiransa, yana zaune a zaure da riga a cinyarsa, allura ta faɗi daga hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Bayan an sallamo mu daga asibiti sai ya zama mutumin da ke wuni yana kallon bango. Ma'aikacin da ke gasa masa jiki ya ce lallai yatsun nan su riƙa aiki, ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Malam ya jefar da ita bayan randa. Ɗanmu na biyu, wanda ke aiki a Kaduna, shi ya zo da wata na'urar wasa da 'ya'yansa suka daina amfani da ita, ya haɗa ta da talabijin ɗin falona. Ya ce gem ake ce mata, abin da ake riƙewa ana dannawa kuma hannun gem. Wasan ƙwallon ƙafa ne a ciki. Malam bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa, ya yi mako biyu ko kallon wajen bai yi. Rannan na shigo daga madafa na tarar ya ɗora abin a cinya, yana tura babban yatsansa na dama da hannun hagu, wani ɗan mutum a cikin talabijin yana gudu yana komowa. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa a karkace, ya yi dariya. Wata biyar rabona da jin wannan dariyar.

Hannun gem ɗin na farko mai igiya ne, igiyar kuma ba ta da tsawo. Dole Malam ya zauna a kujera a falo, kusa da talabijin, igiyar ta gitta ta gaban ƙofa. Ni kuma a nan nake shimfiɗa tabarma ina tsince gyaɗa. Idan abin ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, sai ya kama igiyar da hannun hagu ya jawo shi kamar mai jan guga, ba ya neman kowa. Idan ruwa yake so ko fitsari ya matsa masa, sai ya kaɗa igiyar ta bugi farantin gyaɗata ko ƙafata, in ɗago. Haka muke magana. Ina jin numfashinsa, ina ganin lokacin da gumi ya keto masa. Ban san wata ni'ima ce wannan ba, ni a ganina takura ce.

Abin da ya fara ɓata mini rai mata ne. Duk wadda ta shigo sayen mai sai ta leƙa falo ta gaishe shi, ta gan shi da farin gemu yana fama da wasan yara. Wata maƙwabciyarmu, abokiyar wasansa ce, ta kan tsaya a bakin ƙofa ta tambaye shi ko yau ma an ci shi, ta ce tunda ya koma ɗan ƙwallo za ta nemo masa gajeren wando. Shi dariya yake yi, har ya ɗaga mata yatsu ya nuna ƙwallo nawa ya ci. Ni ce nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da malamai da attajirai ke zuwa zaurensa da yadi, a ce yanzu wannan ne labarinsa a unguwa. Ana cikin haka wata safiya na shigo da kwanon koko, igiyar ta harɗe ni, na faɗi a kan gwiwa, kokon ya zube. Ciwon bai kai yadda na kururuta shi ba. A ranar na sa aka kira mini ɗanmu a waya, na ce masa ko ya zo ya kwashe kayansa, ko ya nemo wata dabara, don igiyar nan sai ta karya ni. Ya ce akwai marar igiya, zai sayo. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ba gwiwata ce ta dame ni ba. So nake a mayar da Malam uwar ɗaki, inda ba mai ganinsa.

Ba zan yi wa marar igiyar sharri ba, yana da amfaninsa. Aka gyara wa Malam gado a uwar ɗaki, aka jera masa matasai, aka juya talabijin ya fuskanci ƙofar, ana zuge labule rabi yana hango shi daga kwance. Ciwon bayan da zaman kujera ke sa masa ya ragu. Yana iya ajiye hannunsa yadda ya fi masa daɗi, ba abin da ke ja masa. Ba wanda ya ƙara yin tuntuɓe. Yatsunsa suka ƙara ƙarfi har ya fara riƙe cokali da dama, rannan ma ya sa na miƙo masa allura, ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Amma abin yana da nasa wahalar. Caji yake so kamar wayar hannu, kuma ba ya sallama idan zai mutu. Ana tsakiyar wasa sai 'yan ƙwallon su tsaya cak, wani rubutun boko ya fito a tsakiyar talabijin, kiɗa yana ta tashi. Na haddace siffar rubutun nan, da na gan shi sai in ce caji ya ƙare. Idan kuma ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin gado, shi ke nan, Malam sai ya jira ni. Tunda ba igiyar kaɗawa, sai ya koma ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobensa. Idan na yi sallama a bakin labule, ƙwanƙwasa biyu ita ce amsarsa. Ni kuma da na ga ba na ganinsa, sai na kwashe aikina gaba ɗaya na koma tsakar gida. Ihun 'yan kallo da ke fitowa daga talabijin shi ya zame mini shaidar cewa lafiyarsa lau.

Ranar wata Talata ce. Na taimaka masa ya yi sallar azahar a zaune, na ba shi fura, na miƙa masa abin wasansa, na fita. An kawo mini markaɗen gyaɗa daga inji, kuma duk mai wannan sana'a ta san idan ka zuba ruwan zafi ka fara juyawa ba a bari, in ya huce mai ba zai fito ba. Ina cikin juyawa na lura ihun ya daina, kiɗa ne kawai ke maimaita kansa. Na shiga falo ɗaukar galan, na ga rubutun nan a talabijin. Na ce a raina caji ya sake ƙarewa, har na yi tsaki. Na tsaya a bakin labule na yi sallama. Ba ƙwanƙwasa. Daga inda nake ina hango ƙafafunsa kawai, a miƙe. Tun ina amarya aka koya mini cewa idan maigida ya kwanta da rana ba a faɗo masa, in ka yi sallama bai amsa ba sai ka juya. Malam kuma mutum ne da ba ya son a katse masa barcin rana. Shekara arba'in ina juyawa daga bakin ƙofa, ranar ma na juya. Na sake shigowa ɗaukar gishiri, na sake ganin rubutun, wannan karon ko sallamar ban yi ba, na taka a hankali don kada in tashe shi. Na gama matsar mai, na mulmula ƙuli, na soya kasko biyu. Sai da aka kira la'asar na ɗauki buta da roba na ɗaga labulen.

Idonsa a buɗe yake. Ya zame daga kan matasai, wuyansa ya lanƙwashe, yawu ya jiƙa kafaɗar rigarsa, numfashinsa yana fita da wani irin gurnani a hankali. Hannun hagun da yake ƙwanƙwasa gado da shi yana lilo a gefen gado, shi ma ya mutu. Abin wasan yana ƙasa. Ban yi ihu ba. Na ajiye butar a hankali, na gyara masa wuya, na fita zaure na kira maƙwabta kamar mai aiken sayen ashana. Mota ba ta shiga lungunmu, a tabarma maza huɗu suka ɗauke shi zuwa bakin titi, aka sa shi a keke mai ƙafa uku, muka fita ta Ƙofar Doka cikin cunkoso. A asibiti likita ya tambaye ni da ƙarfe nawa abin ya fara. Na ce ban sani ba. Ya ce to yaushe na gan shi lafiya na ƙarshe. Na ce bayan azahar. Ya dubi agogonsa, ya yi rubutu. Da ɗanmu ya iso daga Kaduna, likitan ya ja shi gefe, na ji yana ce masa irin wannan ciwon da wuri ake so a kawo mutum. Kwana uku Malam ya yi bai farfaɗo ba, ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba ranar uku, ban yi ba ranar bakwai. Mata suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ji nake kamar an cika mini kai da auduga. Ana ba ni abinci ina ci, ana ce in tashi ina tashi. Sai da na yi wata guda cikin takaba ɗanmu ya zo kwashe na'urar, na tambaye shi me rubutun nan yake cewa. Ya yi ta kauce-kauce, na matsa masa. Ya ce cewa yake hannun gem ya rabu da na'ura. Na ce ai caji ke nan. Ya ce ba lallai ba, marar igiya idan aka ajiye shi aka ɗan jima ba a taɓa shi ba, kashe kansa yake yi don kada caji ya tafi a banza. Ya danna shi a gabana, fitilarsa ta kama. Da sauran cajinsa. Ashe abin da talabijin ke faɗa mini ranar, har sau biyu, shi ne mutumin nan ya daina motsa hannunsa. Ɗana ya ce in bar wannan tunanin, kwana ne ya ƙare. Na ce haka ne. Bayan ya tafi na zauna a bakin gadon, a ranar hawaye suka zo, kuma har yau ba su tafi ba. Yanzu ba na ɓoye su, ko gaban wa.

Na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Ban ce igiya ce za ta hana shi mutuwa ba. Abin da ke cina shi ne tsakanin azahar da la'asar yana kwance idonsa biyu, yana jin ƙarar muciyata, yana jin sallamata, yana jin takuna na wucewa, ba shi da abin da zai kira ni da shi. Kuma ni na kai shi can, don kunyar matan da yau ko ɗaya ba ta tuna da maganar. Na bar sana'ar mai, ba na iya jin ƙamshin gyaɗa a wuta.

Shi ya sa na ce a rubuta wannan, don masu jinya a gida da 'ya'yan da ke sayo wa iyaye kayan zamani. Marar igiya ba mugun abu ba ne, ya sauƙaƙa wa maigidana zama, kuma wasan nan shi ya dawo masa da dariya a ƙarshen rayuwarsa. Amma duk abin da zai ba majinyaci damar zama nesa da ku, ku tambayi kanku wa zai riƙa ganinsa. Idan kun kawo na'ura gidan da ba a karatu, ku zauna ku bayyana wa tsohuwar gidan ma'anar kowane rubutu da kowace fitila, kada ku bar ta da zato. Kada ku ɗauki ƙarar talabijin a matsayin lafiyar mutum. Kuma kada ku ji kunyar abin da ke faranta wa marar lafiyarku rai. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi wa maigidana addu'ar rahama. Ke kuma 'yar'uwata mai jinyar miji, ladabin da aka koya mana na mai lafiya ne. Idan kin yi sallama ba a amsa ba, ki ɗaga labulen. In barci yake yi, iyakaci ya farka ya harare ki. Ni yau shekara biyu ke nan ina neman wanda zai harare ni haka.