Ƙwarin da Baba Ya Aike Ni Nema

Ana sallame sallar asuba muka bar Sinnar ta ƙasar Sudan, ni da ƙanena, a bayan wata boksi, a-kori-kurar da ta girme mu duka. Baba ne ya aike mu. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, kuma shekara da shekaru bai ziyarci kabarin Inna, mahaifiyarsa, ba. Yana so wani nasa ya tsaya a kansa ya yi addu'a tun yana raye.

Kwatancensa guda ne: bayan ƙauyenmu na wajen Dinder, a gangaren da kalkashin korama ke tsirowa, inda wasu fararen ƙwari masu ɗigon ja da baƙi ke tashi da rana tsaka.

Hanya duk taɓo ce, ƙarshen damina. Sau biyu muka sauka turin mota, direba yana ta ba mu umarni daga ciki, ko takalminsa bai jiƙe ba. A wata rumfa muka ci kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, mai shayi tana yi mana Larabci, sai da ta ji mun yi gulmar tsadarta da Hausa ta amsa da Hausa.

Da azahar muka sami ƙwarin. Ƙanana ne, ba sa nisa, suna tashi daga ƙafarka su sauka gaba kaɗan, su naɗe fukafukai a jiki, ba kamar malam-buɗe-littafi ba. Na ji hawaye, na ɗaga hannu zan fara addu'a.

Wani tsoho mai kiwon awaki ya ce, "Ɗana, mi kaka yi nan?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Waɗanga ƙwari ciyawa suka bi, ba wuri ba. Ita tsutsarsu ka ci, shi ya sa ko tsuntsu bai taɓa su, ɗaci gare su. Ruwa ya canza hanya, ciyawa ta bi shi. Tsohon gangaren yana can, an noma simsim bisa."

Gonar riɗi ce, iya ganinka. Muka tsaya a bakinta muka yi wa duk wanda ke ƙasanta addu'a.

Washegari da la'asar muka dawo Sinnar. Na koyi cewa abin da ke raye ba ya zama alama, tafiya yake. Ban ɓoye wa Baba komai ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "Ni in kun sa ni, ku aza dutse."